Sharhi: Ma'adinai sun dawo hannunmu, amma injiniyoyinmu sun baro falsafa a ajin Terminal

A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta sanar da mayar da kamfanin SOMAIR, wanda ke haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, mallakar ƙasa. Shekara guda kafin nan an karɓe lasisin Imuraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa. Ɗanyen man Agadem ya fara bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin tun 2024, matatar SORAZ ta Damagaram tana aiki tun 2011, ga kuma madatsar ruwan Kandaji da aka aza harsashinta a 2008 har yau ana dakonta. A fada, a gidajen rediyo da shafukan Facebook, muhawarar ta fi karkata ga tambaya guda: wa ke da abin? Tambaya ce da ta cancanci a yi ta. Sai dai duk lokacin da mallaka ta dawo gida, sa hannu ma ya dawo gida. Wanda zai rattaba hannu a kan takardar da ke cewa wannan rami ba zai rufta ba, wannan ruwan rijiya ana iya shan sa, wannan bango zai riƙe ambaliya, ɗan ƙasa ne, kuma a yau yana zaune a aji a makarantar EMIG ta Yamai, ko a jami'o'in Maradi, Damagaram, Tawa da Agadas, ko yana karatu a Maroko, Aljeriya, Turkiyya ko Kanada.

Wannan matashi ya taɓa haɗuwa da falsafa, a ƙarshen karatunsa na lise. Duk wanda ya yi jarrabawar bak ya san yadda haɗuwar take. Ƴan ajin A suna ɗaukar "filo" da nauyi saboda makinta na da yawa, ƴan C da D kuwa suna kallonta kamar harajin da dole a biya kafin a wuce. A haddace sunayen Dekart da Kant, a riƙe tsarin tez, antitez da santez, a zuba wa mai gyara, a fita. Daga ranar da sakamako ya fito, galibin masu bin fannin kimiyya sun yi ban kwana da ita ke nan. Ana koya musu ita a lokacin da ba su da wata shawarar da za su yanke, a kuma ɗauke ta daidai lokacin da aka fara shirya su don yanke shawarar da rayukan jama'a suka rataya a kanta.

Domin a ga abin da ake asara, mu duba wani dare a Amurka, daren 27 ga Janairun 1986. Washegari za a harba kumbon Challenger. Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokokin da ke ɗaga kumbon, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun ce kada a harba. Dalilinsu shi ne zoben robar da ke toshe mahaɗar rokokin yana sandarewa idan an yi sanyi, kuma ba a taɓa harbawa ba a sanyin da ya yi ƙasa da digiri 12, alhali ana hasashen safiyar za ta kusanci daskarewa. Jami'an hukumar NASA ba su ji daɗin shawarar ba. Shugabannin kamfanin suka keɓe, suka sake shawara, suka amince a harba. Daƙiƙa 73 bayan tashi kumbon ya tarwatse da mutum bakwai.

Kwamitin binciken da aka kafa ya gano cewa lissafin injiniyoyin daidai yake. Abin da ya canza a daren shi ne wanda nauyin kawo hujja ya hau kansa. Al'adar aikin ita ce a tabbatar cewa babu haɗari kafin a tashi. A daren nan sai aka juya maganar, aka nemi injiniyoyin su tabbatar cewa lallai zoben zai gaza, abin da ba su da isassun alƙaluman da za su yi. Rashin hujjar cewa abu zai lalace aka mayar hujjar cewa ba zai lalace ba. Babu wata na'urar lissafi da ke nuna wannan zamba, domin ba a cikin lambobi take ba, a cikin ginin hujjar take. Ɗalibin da ya yi mandiƙi da gaske zai gane ta. Alƙalin da ya yi fiƙihu ma zai gane ta, don kuwa abu na farko da yake tantancewa kafin ya saurari shari'a shi ne wane ne mai da'awa, tunda shi hujja ta hau.

Ba sai mun je Amurka ba ma. A Darna ta ƙasar Libiya, inda ƴan Nijar da yawa ke ci-rani, madatsun ruwa biyu da aka gina a shekarun 1970 sun ɓalle a watan Satumban 2023, mutum fiye da 4,000 suka mutu, wasu dubbai suka ɓace. Shekara guda kafin nan wani malamin jami'a ɗan ƙasar, Abdelwanees Ashoor, ya wallafa bincike yana gargaɗin cewa babbar ambaliya za ta zama bala'i ga birnin idan ba a gyara madatsun ba. A Satumban 2024 madatsar Alau ta mamaye Maiduguri, a daminar da mu ma nan ambaliya ta kashe mutum fiye da 300, jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A irin waɗannan lamurra da wuya a ce ilimin ne babu. Akwai wanda ya ga tsagar. Tambayar ita ce me ya wajaba a kansa bayan ya rubuta rahoto an jefa a durowa. Ya sauke nauyi ke nan? Ya sake rubutawa? Ya kai maganar sama da shugabansa? Ya faɗa wa jama'ar da ke kwana a ƙarƙashin bangon, ko da zai rasa aikinsa? A ƙasar da samun aikin injiniya ke da wuya, kuma albashin mutum guda ke ciyar da gida uku, wannan ba tambayar wasa ba ce. Wanda bai taɓa juya ta a ransa ba tun yana ɗalibi, zai fara tunaninta ne ranar da shugaba ke tsaye a kansa da biro.

Arlit da shekaru 75,000

Babu wurin da ya fi Arlit nuna iyakar lissafi a ƙasar nan. Mahaƙar COMINAK ta Akokan ta yi aiki daga 1978 har aka rufe ta a ƙarshen Maris 2021, ta bar tarin dusar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20. An cire yuraniyom ɗin da ake so, amma sauran sinadaran da ke fitar da tururin nukiliya suna nan cikin tarin. Radiyom-226 yana ɗaukar shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Toriyom-230, wanda shi ke haifar da radiyom ɗin, yana ɗaukar kimanin shekara 75,000. Tsarin da aka gabatar lokacin rufewa shi ne a lulluɓe tarin da yumɓu da duwatsu masu kaurin kimanin mita biyu, a yi aikin gyara na kusan shekara goma, sannan a ci gaba da sa ido na wasu shekaru.

Injiniya zai iya auna yawan iskar radon da mita biyu na yumɓu za su tare. Zai iya ƙiyasta yadda iska da ruwa za su ci murfin a shekara ɗari. Abin da darasin ƙarfin kayan gini ba zai gaya masa ba shi ne shekara nawa ya kamata ya yi wa lissafi. Hamsin? Ɗari biyar? Kowane adadi ya zaɓa, ya yanke hukunci ne kan yawan haƙƙin da jikokin jikokin makiyayan Ayar ke da shi a kanmu, mutanen da ba za su halarci taron tuntuɓa ba, ba za su yi zanga-zanga ba, ba su kuma sha wutar lantarkin da wannan yuraniyom ya haska a biranen Turai ba. Masanin falsafar nan Bajamushe Hans Jonas ya rubuta littafi sukutum a 1979 kan wannan matsala: tsofaffin ƙa'idojin ɗa'a an gina su ne don mu'amalar mutum da maƙwabcinsa da yake gani, fasahar zamani kuwa ta ba mu ikon cutar da wanda za a haifa bayan ƙarni da yawa. Ba dole ne a yarda da Jonas a komai ba. Amma wanda za a damƙa wa mahaƙar Arlit ya kamata a ce ya taɓa jin tambayar.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika son faɗa ba. Lokacin da kamfanin na baƙo ne, ƙungiyoyin fararen hula na Arlit, da ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, da Greenpeace a rahotonta na 2010, sun yi ta ƙorafi kan ruwan sha, ƙura da tarkacen ƙarafa masu tururi da ke ƙarewa a kasuwa. A wancan lokacin mai sukar kamfanin ɗan kishin ƙasa ne. Yanzu da kamfanin ya zama na ƙasa, injiniyan da na'urarsa ta nuna masa adadin da ya wuce ƙa'ida zai iya jin cewa faɗin gaskiya tamkar bai wa abokan gaba makami ne. Tururin kuwa bai san tutar da ke kaɗawa a ƙofar kamfani ba. Rarrabe biyayya ga hukuma da biyayya ga jama'ar da hukumar ke wakilta tsohuwar muhawara ce a falsafar siyasa, kuma ga ta ta iso Akokan da ƙafarta.

Kandaji ta kawo tata irin tambayar. A takarda aikin ba shi da abokin gardama: megawat 130 na wuta, noman rani a kan dubun-dubatar eka, da ruwan kogin Kwara da ba zai ƙafe a Yamai da rani ba. Wanda ya sha zafin watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke ba mu kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu saboda takunkumin CEDEAO, ba ya buƙatar a yi masa wa'azi kan amfanin madatsar. Amma tafkin zai tashi mutane kimanin 50,000 a yankin Ayoru. Ɗalibin injiniyanci ana koya masa ya jera riba a gefe guda, hasara a ɗaya gefen, ya ga wanda ya rinjaya. Da wuya a gaya masa cewa wannan hanya ita kanta mazhaba ce a falsafa, wadda ta samo asali daga Bentham da Mill na Ingila, kuma an daɗe da gano inda take ɗingishi: tana tara jimilla ba tare da ta damu da wa ya ci riba, wa ya ɗauki hasara ba. Mai firiji a Yamai da masuncin da tsibirinsa zai nutse suna shiga layi ɗaya a jadawali. Ana iya yi wa ɗakin laka da bishiyar mangwaro kuɗi. Maƙabartar kakanni fa, da gonar fadamar da ba ta da takarda amma kowa a garin ya san ta wane ce? Wanda ya ɗauka jadawalin nan shi ne gaskiya tsantsa, zai ga masu ƙorafi a matsayin jahilai masu hana ruwa gudu. Wanda ya san cewa jadawalin ra'ayi ne guda cikin ra'ayoyi, zai zauna da su da wata fuska dabam, kuma sau da yawa aikinsa ne ke ƙarewa ba tare da rigima ba.

Wani lokacin ma kuskuren yana cikin tambayar da aka fara da ita. Mutanen Maradi sun san wannan fiye da kowa. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi masu yawa wajen rainon itatuwa da dasa su, akasarinsu suka mutu. Tambayar da masana ke yi ita ce yaya za a sa dashe ya rayu. A 1983 Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya da ke aiki a yankin, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara rassa ne na kututturan da saiwarsu ke raye a ƙasa. Dajin yana nan, a kwance yake. Daga nan aka samu abin da manoma ke kira sassabin zamani, wanda bincike da hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna ya farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. Kuma gawo da kalgo ba su tsaya ba sai da manomi ya tabbata cewa itacen gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Babu sabuwar na'ura a cikin labarin. An sake duba abin da aka ɗauka tabbas ne, an kuma sake duba ma'anar mallaka.

Ba kayan aro ba ne

Akwai iyaye da ɗalibai da ke ɗari-ɗari da falsafa don suna ganin hanya ce ta shakka a addini, kuma yadda ake koyar da ita a lise, da jerin sunayen Turawa zalla, bai taimaka ba. Tarihin wannan yanki yana faɗin wani abu dabam. Shehu Magili, wanda ya ratsa Ayar ya zauna Katsina da Kano a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a mandiƙi, ya kuma kare halaccinsa a musayar da ya yi da Imam Suyuɗi na Masar. Littafin Sullam na Ahdari, wanda ke koyar da yadda ake gina hujja da gane ruɓaɓɓiya, an daɗe ana karanta shi a zaurukanmu. Ibnul Haisam, wanda masana kimiyyar haske ke girmamawa har yau, ya rubuta littafi guda kan shakkunsa game da Batlimus, babban malamin taurarin da kowa ke bi a zamaninsa. Shi kuma fiƙihu cike yake da bahasin lamuni: idan magini ya yi gini ya faɗa wa wani, wa zai biya, kuma yaushe ne gwani ke ɗaukar alhakin abin da ya lalace a hannunsa.

Misali mafi kusa shi ne mutumin da babbar jami'ar ƙasar ke ɗauke da sunansa. Abdu Mumuni Diofo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fizik ne da ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL tun lokacin da duniya ba ta ɗauki hasken rana da muhimmanci ba. Amma littafin da ya fi shahara da shi, wanda ya fito a 1964, kan ilimi ne a Afirka: me ake koyarwa, da wane harshe, don amfanin wa. Zaɓen da ya yi na rana a ƙasar da ke sayen man fetur daga waje ya fito ne daga waccan tambayar ta don wa ake yin kimiyya. Ɗalibai dubbai suna shiga ƙofar da aka rubuta sunansa kowace safiya, kaɗan ne suka buɗe littafin.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjoji biyu masu nauyi. Ta farko, makarantun da ke fama da ƙarancin ɗakunan gwaji, cunkoso da shekarun karatu masu haɗewa da juna ba su da sararin ƙara wani darasi. Gaskiya ne, kuma idan za a kawo filo irin ta bak ce, a ƙara wa ɗalibi wata haddar, gara a bar shi ya huta. Ta biyu ta fi ƙarfi: karatun falsafa ba ya mayar da mutum nagari. Injiniyoyin Volkswagen da suka ƙera manhajar da ke yaudarar na'urar gwajin hayaƙi, abin da ya fallasa a 2015 ya kuma shafi motoci kusan miliyan 11, sun fito ne daga ƙasar Kant, kuma sun san abin da suke yi. Sai dai ƙarshen labarin ma darasi ne. James Liang, injiniyan da kotun Amurka ta ɗaure wata 40 a 2017, ba shi ne shugaban kamfanin ba, kuma cewa umarni ya bi bai fitar da shi ba. Abin da darasin zai iya yi ƙarami ne amma yana da amfani: ya sa ɗalibi ya gane lokacin da aka juya masa nauyin hujja, ya san bambancin "ban ga matsala ba" da "babu matsala", ya kuma iya tsayawa gaban darakta ko minista ya jera dalilansa a tsare, maimakon ya yi shiru ko ya yi fushi.

Wasu ƙasashe sun ɗauki matakin tuntuni. Hukumar ABET da ke tantance kwasa-kwasan injiniyanci a Amurka tana buƙatar a nuna cewa ɗalibi ya iya gane nauyin ɗa'a da ke kansa, haka ma hukumar CTI ta Faransa tana neman kaso na ilimin ɗan'adam da zamantakewa a karatun injiniya. Ƴan uwanmu da suka yi karatu a Kanada sun san zoben ƙarfen da injiniya ke sa wa a ƙaramin yatsan hannun da yake aiki da shi, al'adar da aka fara a 1925, wadda ake dangantawa da tunawa da gadar Kebek da ta rufta a 1907 ta kashe ma'aikata 75, bayan an ƙara tsawonta ba tare da an sake lissafin nauyinta yadda ya kamata ba. Zoben yana gogar takarda duk lokacin da mai shi zai sa hannu.

A nan gida abin ba ya buƙatar sabon gini ko kuɗin waje. Jami'ar Abdu Mumuni da ta Damagaram suna da malaman falsafa, EMIG kuma tana maƙwabtaka da ta farkon a hayin kogi. Awa biyu a mako a shekara ta biyu ko ta uku sun isa, muddin malamin falsafa da injiniyan da ya yi aiki a fili za su shiga ajin tare, kuma abin da za a ɗora a tebur ya zama takardun Kandaji, tsarin rufe COMINAK, rahoton Challenger da taswirar unguwannin Maradi da aka yanka filaye a kan hanyar ruwa. Tunda kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, a sa ɗalibi ya bayyana da Hausa ko Zabarmanci abin da yake nufi da "haɗarin da za a iya jurewa", kamar yana gaban mai gari da dattawansa. Da yawa za su tarar a nan ne cewa kalmar da suke rubutawa da Faransanci ba su taɓa sanin wa zai jure ba. Injiniyoyinmu da ke aiki a Kebek, Liyon ko Kasablanka za su iya ɗaukar zama ɗaya ko biyu ta intanet, su ba da labarin ranar da suka ƙi sa hannu da abin da ya biyo baya.